Barewa a Hanyar Usfan, Kawu Kuma Kai a Buɗe

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Bani Malik, ni da Kawu, a kan babur ɗina, abin da mutanen Jidda ke kira dabbab. Tun da muka dawo kuke ta tambayata abin da ya sami kafaɗar Kawu da gwiwata, kowa da irin labarin da ya tsinto, har na ji ana cewa wai da raƙumi muka yi karo. Da raƙumi ne ai da wani ke ba ku labarin nan, ba ni ba. Bari in faɗi yadda aka yi tun daga farko, kowa ya huta.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya fi shekara ashirin yana gasa tsire a Jidda, Larabawa na yi masa layi bayan magariba suna cewa a ba su siriya. Hayaƙin gawayi ya ci masa ido, ya yanke shawarar tattara nasa ya nasa ya koma gida gaba ɗaya. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ranar da ya fara zuwa ƙasar nan, jirgi ya ratsa da su ta saman miƙati yana sharar barci, sai a filin jirgin Jidda ya ɗaura harami. Malamai sun sha gaya masa cewa wannan magana ta wuce, kuma bayan nan ya yi umra ba adadi, yana ɗaura harami daga ɗakinsa kamar kowane mazaunin Jidda. Shi dai ya ce kafin ya bar ƙasar yana so ya taka Juhfa da ƙafarsa, miƙatin masu zuwa daga yamma, ya yi wanka a can, ya ɗaura harami a can, ya shiga Makka yadda ya so ya shige ta tun farko. Mota kuwa ba sa shiri da Kawu. Da an rufe gilashi an kunna sanyi sai cikinsa ya juya. Shi ya sa aikin ya faɗo kaina, ni da na yi shekaru ina acaɓa a Kano kafin in zo in zama makanikin babur a nan.

'Yarsa da ke aure a Aziziyya ta kwana a gidan mahaifinta don ta ga tashinmu. Taubashiyata ce, haifaffiyar Jidda, ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ta ce mini ɗan ƙauye ba. Ran nan babu wasa a fuskarta. Ta sayo sabuwar hular kwano, ita da kanta ta ɗora wa mahaifinta, ta ja igiyar ta ɗaure masa a haɓa, sannan ta juyo kaina.

"Isma', saurara, ɗan acaɓa. Wannan khuza ba ta barin kan Baba sai a ƙofar gidan nan. Fahimt? In ka dawo mini da shi da ko ƙwarzane ɗaya a ka, wallahi ni da kai halas."

Na ce mata na ɗauki masu ciki, na ɗauki buhunan gero, na ɗauki mai gilashi a tsakiyar Kurmi, ban taɓa kayar da kowa ba. Ta ce ba ta tambaye ni tarihi ba, alkawari take so. Na yi mata alkawari.

Mun kama hanyar Madina gari bai gama wayewa ba. Jidda da asuba wani gari ne daban, babu hon, babu masu tsere da motocin iyayensu, sai masu shara da motocin burodi. Da muka zo daidai filin jirgi, fararen rumfunan alhazai suka bayyana a dama kamar an kafa tantuna a sararin sama, Kawu ya daki kafaɗata ya nuna su, ya ce a ƙarƙashinsu ya fara shan ruwan ƙasar nan. Muka wuce mararrabar Abhur, inda katangun gidajen masu hali suka tare teku, har muka fita daga gari sosai. A Dahaban muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, wanda wani Ba'afgane ke ciro shi daga tanderu da ƙugiya. Na cika tanki a gidan man da ke gefe, kuɗin bai kai na ruwan gorar da muka saya ba. Shekaruna nawa a ƙasar nan, har yanzu abin na ba ni dariya.

Daga nan ne tafiyar ta fara cika mini ido. An yi ruwan sama makonni kaɗan kafin tafiyarmu, irin wanda ke cika titunan Bani Malik mu yi ta zagin magudanai. Ashe a waje wani aiki ya yi. Filin da na sani fari fat, sai duwatsu da ledoji, ya yi wani siririn kore tun daga bakin kwalta har inda ido ya tsaya. A hagu kuma teku na leƙowa jefi-jefi, kusa da gaɓa ruwan kore shar, can ciki shuɗi mai duhu, da layi a tsakaninsu kamar an ja da zare. Na rage gudu ba tare da Kawu ya ce in rage ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana kallon gawayi, ga shi yana juya kai hagu da dama cikin hular kwano, yana ta subhanallahi. Abin da kawai ke katse mana jin daɗi manyan tireloli ne, kowace ta wuce sai iskarta ta ture mu gefe, in ji yatsun Kawu sun nutse a haƙarƙarina.

A Tuwal muka ci kifi. Ka zaɓi naka a kan ƙanƙara, a auna, a soya, a kawo maka da jar shinkafar da aka dafa da albasa. Kawu ya duba kifin sama da ƙasa irin duban mai sana'a, ya ce ba laifi, amma da sun san ƙuli-ƙuli da sun ci gaba. Ya cinye nasa ya taya ni nawa. Masu binciken takardu sun tsayar da mu a gaba kaɗan, suka duba iƙama, takardar zamanmu a ƙasar, suka dubi tsoho a bayan dabbab da jakar harami a cinya, ɗayansu ya yi murmushi ya ce mu sa shi a addu'a. Mun isa Rabig rana ta take, muka fake a wani masallaci har zafin ya karye.

Juhfa na can gefe, sai an bar babbar hanya an shiga ciki. Ban san me na zata zan gani ba. Masallaci ne da wuraren wanka, da 'yan rumfunan masu sayar da harami da silifa, sai fili ya kewaye shi ko'ina, shiru kamar ba a taɓa magana a wurin ba. Kawu ya sauka, ya cire takalmi, ya tsaya a kan ƙasar da tafin ƙafarsa duk da zafinta. Na ba shi wuri. Yana cikin wanka wayata ta yi ƙara, taubashiyata ce, tana tambayar ko hula na kan Baba. Na ce mata Baba yana wanka, ko da hular ake so ya yi? Ta yi tsaki ta kashe.

Muka yi la'asar, muka ɗaura harami, muka yi niyya. Muka fito wurin babur, na kwance hulunan daga inda na rataye su, na miƙa wa Kawu tasa. Bai karɓa ba. Ya dube ni, ya dubi hular, ni ma na dube ta, sai a lokacin abin ya faɗo mini. Mai harami ba ya rufe kai. Yaron da ke makarantar allo ya san wannan. Mu uku muka tsaya a ƙofar gida da asuba, da wadda ta sayi hular, da wanda aka ɗaura wa, da ni mai rantsuwa, duk mun yi umra ba sau ɗaya ba, amma babu wanda ya haɗa hula da harami a ransa, don ba mu taɓa zuwa umra a kan babur ba.

"Kawu, ka sa kawai. Lalura ce. Ni zan yi maka fidiyar."

"Ɗan nan, shekara ashirin ina jiran haramin da ba faci a jikinsa. Yau na same shi, kai kuma ka ce in fara da faci?"

"Na yi wa 'yarka alkawari."

"Ita ka yi wa. Ni wanda na yi wa nawa ya girme ta. Tada abin nan mu tafi."

Na so in yi gardama, amma wanda ya san Kawu ya san ɓata baki ne. Na so in sa tawa ni kaɗai, kunya ta hana ni, yaya tsoho zai zauna a bayana kai a buɗe ni ina fama da kwano? Na ɗaure hulunan biyu a bayan sirdi. Na ce a raina zan yi tafiyar da ko kaza ba za ta tsorata ba, in kai shi Makka, a yi aski, in mayar masa da hularsa, babu wanda zai ji.

Tuƙa babur da harami wani aiki ne da ban ba kowa shawararsa ba. Iska na neman raba ka da mayafi, kana neman rufe cinya, silifa na zamewa a kan giya. Muka dawo kudu kaɗan, sannan muka bar gaɓar teku muka yanki hanyar da ke shiga ciki ta Hulais da Usfan. Nan ƙasar ta sauya. Baƙaƙen duwatsu suka taso a hagu, jere bayan jere, kamar an ƙone su jiya, a ƙarƙashinsu kuma kwari ne mai itatuwan ƙaya da gonakin kankana. Kawu ya fara Labbaika. Ba da ƙarfi yake yi ba, amma da yake ƙirjinsa na jingine da bayana, ina jin muryar a cikin ƙashina kafin ta iso kunnena. Iska na kaɗa furfurarsa, ina ganinta a madubi. Ban taɓa jin daɗin tuƙi kamar na wannan yammacin ba, ban kuma taɓa tuƙi da tsoro irinsa ba. Kowane dutse na gefen hanya sai na dube shi, in tuna kan da ke bayana.

Raƙuma nake tsoro. Duk wanda ya ji za mu bi hanyar nan abin da ya ce ke nan, ku kula da raƙuma, har alluna an kafa masu hotonsu. Saboda haka idona na can sama, ina neman abu mai tsawo. Ƙananan dabbobi ban sa su a lissafi ba, don ina ganin na gama da su tun a Kano. Kowane ɗan acaɓa ya san dokar akuya: in ta shigo titi ba ka taka birki, ba ka bi ta gabanta, sai ka danna hon ka karkata ka bi ta bayanta, don akuya ba ta komawa da baya. A cikin garin Hulais wata ta gitta mana, na yi mata haka, muka wuce sumul. Har na ɗaga murya na ce wa Kawu ya ga aikin gwanaye. Bai kula ni ba, yana ta Labbaikarsa.

Mun bar Hulais, ba mu kai Usfan ba, rana ta yi ƙasa a damanmu, komai ya yi ja. Hanyar ta sauka cikin wani ɗan kwari inda ruwan sama ya kwanta a gefen kwalta bai gama bushewa ba. Babu mota gaba, babu baya. Sai wani abu ya tashi daga cikin ƙayar dama.

Ban taɓa ganin barewa da rai ba sai ran nan. A tatsuniya na san ta, sai kuma ƙahonta a wurin masu magani. Ban ma san akwai sauranta a ƙasar nan ba in ba a gidajen gonar masu kuɗi ba. Tsalle ɗaya ta yi ta dira a tsakiyar titi, jikinta kalar yashin wurin, cikinta fari tas, ƙafafun sirara kamar za su karye, ta juyo ta dube mu da wani baƙin ido mai girma. Wallahi a wannan ƙiftawar na manta da tsoro, kallonta kawai nake. Hannuwana ne ba su manta da Kano ba. Kafin in yi tunani sun danna hon, sun karkatar da babur zuwa bayanta. Ta yi gaba kamar yadda akuya ke yi. Amma a bayan nata akwai wata, ƙarama, tana biye da ita, daidai inda na nufa.

Na ji tayar gaba ta daki abu mai laushi. Kan babur ya fizge daga hannuna, kwalta ta taso ta same ni a gwiwa, na yi ta mirginawa har cikin yashi. Da na miƙe, abin da na fara gani mayafin Kawu ne a rataye a jikin ƙaya. Shi kuma yana can gaba a kwance rigingine, hannuwa a baje, ba ya motsi. Kusa da kansa akwai wani baƙin dutse mai kaifi, girman tukunya, rabinsa a binne. Ban san yadda na isa wurin ba. Idonsa a buɗe, yana kallon sama. Na durƙusa na tura yatsuna cikin furfurarsa ina laluben jini, gaba da ƙeya da bayan kunne, ina kiran sunan Allah, ina kiran Kawu.

"Kai, a hankali," ya ce. "Kar ka tsinke mini gashi, ina cikin harami."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban san ko dariya nake ko kuka ba. Babu jini a kan, ko ɗigo. Kafaɗarsa ta dama ce ta sha yashi, fatar ta saɓule. Na buɗe hannuna na auna tsakanin kansa da dutsen. Taƙi ɗaya ne, babu ƙari.

"Ina dabbar?" ya ce.

Tana bakin kwalta a kwance a gefenta, cikinta na hawa da sauka da sauri. Na tallafi Kawu ya tashi zaune. Yana ganinta hannunsa ya tafi ƙugu, inda wuƙarsa ke zama tun kafin a haife ni. Duk Bahaushe ya san wannan, in dabba ta faɗi ana neman wuƙa ne kafin ta zama mushe, balle mutumin da nama ne sana'arsa. Hannun ya tarar da ɗamarar harami. Ya tsaya cak, ya janye shi a hankali ya ɗora a cinya. Mai harami ba ya kashe naman daji, ba ya yanka shi, ba ya ko korarsa. In ta mutu ta dalilinmu akwai fansa a kanmu, haramin da ya zo nema ba faci kuma ya samu faci tun bai ga Makka ba. Babu abin da ya rage mana sai zama.

Muka zauna. Babur na gefe a kwance, mai na ɗiga. Can a kan wani tudu uwar ta tsaya, rana na bayanta, kunnuwanta a miƙe, ba ta gudu ba, ba ta matso ba. Ban taɓa jin shiru irin na wurin ba. Ina jin numfashin Kawu, ina jin na 'yar barewar, ina jin bugun jini a gwiwata. Duwatsun nan baƙaƙe suka koma ja, suka koma ruwan toka. Na ga ƙanƙantarmu a wurin, mu da babur ɗinmu da dabarunmu na titi, na kuma ji a jikina cewa ran tsohon nan da ran dabbar nan duk a hannu ɗaya suke, ba kuma nawa ba ne. Leɓen Kawu na motsi, ban san me yake roƙo ba, ban tambaya ba.

Sai ta ɗaga kai. Ta tattara ƙafafun baya ta turo jikinta sama, ta tsaya a kan uku, ta huɗun na lilo. Ta sa ta a ƙasa ta ɗauke, ta sake sawa. Ta yi taku kaɗan tana ɗingishi, ta tsaya ta dube mu, kusa har ina ganin jiƙaƙƙen hancinta. Daga nan ta yi wani tsalle da ƙafafu huɗu a lokaci guda, ta sake yin wani, kafin in nuna wa Kawu sun haɗu da uwar sun shige bayan tudu. Kawu ya sa hannu ya share fuska, hawaye ne sosai, ya ɗaga murya ya ci gaba da Labbaika daga inda ya tsaya. Na taya shi.

Muna nan wata farar a-kori-kura ta tsaya, tumaki cike a baya. Wani Balaraben ƙauye ne, dattijo mai jan rawani. Ya dubi sawun da ke yashi, ya dubi babur, bai jira bayani ba ya ce gazal, wato barewa. Ya ce shi ma ya yi shekaru bai gan su ba sai bayan ruwan nan, suna saukowa daga duwatsu da sassafe da kuma gab da magariba su sha abin da ya kwanta a gefen kwalta. Na gaya masa dabarar da na yi. Ya girgiza kai, ya ce ba ta tafiya ita kaɗai, in ka ga ɗaya ka taka birki ka tsaya a miƙe, ka jira ta biyu. Ya wanke wa Kawu kafaɗa da ruwan jarka. Kawu ya ce in tada babur mu ci gaba. Na ce masa ko yanka ni zai yi ba zan sake ɗaukarsa kai a buɗe ba, wannan karon kuma shi ne ya haƙura. Allah ya taimake mu, Makka dattijon za shi da tumakin washegari. Muka ɗora babur a baya, Kawu ya ƙi shiga gaba, ya zauna cikin tumaki yana shan iska, wata na tauna masa gefen mayafi. A Jumum muka kwana gidan ɗan'uwan mutumin, suka ba mu shinkafa da nama da shayi mai na'ana'a, suka ƙi karɓar komai. Kafin mu kwanta na miƙe kan babur ɗin da ya lanƙwashe.

Mun shiga Harami bayan asuba. Na sha ganin Ka'aba, amma ban taɓa ganinta ta fuskar wani ba sai ran nan. Kawu ya tsaya a bakin matakala, idanun nan da hayaƙi ya cinye suna kafe a kanta, kafaɗarsa a buɗe da ciwon a fili. Muka yi ɗawafi ina tare masa mutane ta ɓangaren ciwon, ni da ɗingishina. Muka yi Safa da Marwa a hankali, masu keken guragu na wuce mu. Da muka fito wurin masu aski, na tsaya a kan wanzamin kamar mai gadi. Ina kallon aska na bin kan Kawu, furfura na zuba a kan zane, fatar na fitowa fes, tun daga goshi har ƙeya babu tabo. Wanzamin ya ga yadda na zura ido, ya tambaye ni ko ban taɓa ganin aski ba ne. Ana gamawa, tun bai sa riga ba, na kawo hular na kife masa, na ja igiyar har sai da ya ce zan shaƙe shi.

Ta tsohuwar hanya muka dawo, ta Hadda da Bahra, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci na yi mini hon ina ba su hanya. Mun shigo Bani Malik kafin azahar. Taubashiyata na bakin ƙofa. Ta kwance igiyar da kanta, ta cire hular, ta ga kai fes, ta yi hamdala, har ta buɗe baki za ta tsokane ni. Sai ta ga yadda mahaifinta ke riƙe da hannun dama, ta ga yadda nake ɗingishi. Ban jira ta tambaya ba, na gaya mata duka, da maganar haramin da ba mu tuna ba, da barewar, da dutsen. Na shirya wa faɗa, na san na ci a yi mini.

Ba ta yi faɗan ba. Ta ce, "Ya Allah, ihram. Ni ma ban tuna ba." Ta ɗora tafukanta biyu a kan askin mahaifinta ta riƙe, kamar mai tsoron a ƙwace mata. Can ta dube ni.

"Dutsen, ina ne ya tsaya daga kansa?"

Na buɗe hannuna na nuna mata. Ta daɗe tana kallon hannun.

"Ba za ka sake ɗaukarsa ba," ta ce.

"Ba zan sake ba."

"Yalla, shigo ka ci abinci."

Kawu dai ya samu abin da ya je nema, yana ta haɗa kayansa, duk wanda ya zo yi masa sannu da kafaɗa sai ya ba shi labarin idon barewa. Ni abin da na samo, ku masu hawa dabbab ku riƙe shi: dabarar titin gari ta titin gari ce, a daji in abu ya gitta a taka birki a jira na bayansa, a kuma guji hanyar kwari da sassafe da gab da magariba. In tafiyar ta harami ce, a bar babur a gida. Na koma aiki, gwiwar ta warke, ina hawa kamar da. Sai dai duk lokacin da na buɗe yatsuna zan kama birki, ina ganin faɗin hannun nan nawa, in tuna iyakar abin da aka bar mana ke nan ran nan.